WA YA HANA ƊAN IKILISIYA TAMBAYA?



Akwai maganar da ta daɗe tana cinmu a rai, yau kuwa za mu faɗe ta ko da za ta ɓata wa wasu. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙarshen shekara na ikilisiya, nan cikin garin Katsina ko a ƙauyukanmu, ya san yadda abin yake tafiya. Ma'aji ya miƙe ya karanta rahoton kuɗi da sauri kamar ana korarsa, shugaban taro ya ce ko akwai mai tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. In aka yi rashin sa'a wani saurayi ko wata gwauruwa ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, baikon ginin nan da muka yi shekara da shekaru muna tarawa, ina aka kwana, ga shi har yanzu kwanon majami'a yana yoyo?" sai ɗaki ya yi tsit. Ba za a ba ta amsa ba. Amma ranar Lahadi mai zuwa za a hau bagade a yi wa'azi mai zafi a kan Kora da Datan da Abiram, yadda ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye su, kowa kuma ya san da wa ake. Wani lokaci ma abin yakan kai ga horo, a hana mutum jibin Ubangiji, laifinsa kawai ya tambayi inda kuɗinsa ya shiga. Mun ga wannan da idonmu, kuma ba sau ɗaya ba.

In ka sami dattawa a keɓe ka tambaye su dalili, amsarsu ɗaya ce, ba kuma amsar banza ba ce. Za su ce mu 'yan tsiraru ne, idanu suna kanmu, dole mu rufa wa juna asiri. Za su tuna maka majami'un da aka ƙone a Katsina da Funtuwa a watan Maris na 1987, da waɗanda aka sake ƙonewa bayan zaɓen Afrilun 2011. Za su tuna maka fargabar da muka shiga a 2000 sa'ad da aka kafa shari'a a jihar, da wahalar samun takardar filin gina majami'a, da Fada Alphonsus Bello da 'yan bindiga suka kashe a Malumfashi a watan Mayu na 2021. Su ce fastocin nan da kuke neman tuhuma, su ne suke kwana cikin haɗari dominku, wasunsu wata da watanni ba albashi. Duk gaskiya ne. Ba mu musun ko ɗaya. Sai su rufe da karin maganar nan, wai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To, iyayenmu, mun ji. Amma wa yake tsaga bangon, wanda ya nuna tsagar ko wanda ya shafe ta da farar ƙasa ya ce ba komai?

Za mu ɗauko misali daga inda ba ku zata ba, wato ƙasar Indiya. Mutanen ƙasar Hausa mun san Indiya ta fim, da waƙa da rawa da gumaka masu hannaye da yawa, shi ya sa da an ambaci addinin Hindu sai mu kaɗa kai mu ce bautar gumaka ce, mu wuce. A watan Yuni na 2024 kamfanin Netflix ya fitar da wani fim mai suna Maharaj, wanda Junaid Khan, ɗan Aamir Khan, ya fito a ciki. Wasu matasanmu sun kalle shi a waya. Labarin ba ƙage ba ne, ya faru a birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai.

A lokacin akwai wata ɗarika ta Hindu da ake kira Pushtimarg, shugabanninta ana ce musu Maharaj, suna gadon muƙamin kaka da kakanni. An koya wa mabiya su miƙa jiki da zuciya da dukiya ga Allah ta hannun shugaban, wasu shugabannin kuwa suka mai da wannan koyarwa hanyar lalata da matan mabiyansu da 'ya'yansu mata. Mutane da yawa sun sani, an yi shiru, don wa zai taɓa mutumin Allah? Sai wani saurayi ɗan jarida mai suna Karsandas Mulji, wanda shi ma a cikin wannan ɗarika aka haife shi, ya rubuta abin a jaridarsa Satya Prakash a watan Oktoba na 1860, har ya ambaci sunan Jadunathji Maharaj. A 1861 Maharaj ya kai shi kotu, yana neman diyyar rupi 50,000 saboda ɓata suna.

Ku dubi abin da dattawan al'umma suka yi, don nan ne labarin ya fi kama da namu. Manyan 'yan kasuwa na dangin Bhatiya suka kira taro, suka yanke cewa duk wanda ya je kotu ya ba da shaida a kan Maharaj za a kore shi daga dangi. A Indiya ta wancan zamani wannan ya fi horon ikilisiya nesa ba kusa ba, domin ba mai ci da kai, ba mai ba ka aure, ba mai zuwa jana'izarka. Karsandas ya kai su ƙara a kan ƙulla makirci don toshe bakin shaidu, kotu ta same su da laifi ta ci su tara. Da aka shiga babbar shari'a a farkon 1862, mutanen ɗarikar da kansu suka fito suka ba da shaida, haka ma sanannen likita Bhau Daji, shi ma Bahindu. A watan Afrilu na 1862 kotu ta yarda cewa abin da ɗan jaridar ya rubuta gaskiya ne, ta sa Maharaj ya biya shi kuɗin shari'a. Ɗarikar ba ta mutu ba, tana nan har gobe da mabiyanta. Abin da ya mutu shi ne tunanin cewa rawani yana hana a binciki mutum.

Karsandas kuwa bai tsiro da wannan hali daga sama ba. Addinin Hindu ba shi da shugaba guda ɗaya da maganarsa ta zama yankan wuƙa ga kowa, kuma muhawara tsohuwar al'ada ce a cikinsa. A cikin tsofaffin littattafansu da ake kira Upanishad akwai labarin wata mace mai ilimi, Gargi, da ta tsare babban malami Yajnavalkya da tambayoyi a fadar Sarki Janaka, har ya gaji ya yi mata kashedi cewa in ta zarce da tambaya kanta zai faɗo. (Ashe su ma suna da nasu wa'azin Kora da Datan.) Amma littafin bai ɓoye tambayoyinta ba, ya ajiye su, kuma ya nuna ta sake miƙewa ta yi wasu. Malamansu suna da ƙa'ida cewa kafin ka rushe ra'ayin abokin gardama, sai ka fara bayyana shi da kyau yadda shi kansa zai ce haka nake nufi. Kuma kusan shekara 2,000 da suka wuce masanan mazhabar Nyaya suka raba gardama kashi uku. Akwai wadda suke kira vada, inda mutum biyu suke neman gaskiya tare, kamar malami da almajirinsa. Akwai jalpa, inda kowa nasara kawai yake nema ko ta halin ƙaƙa. Akwai vitanda, inda mutum ba shi da wani ra'ayi nasa, rushe na wani kaɗai ya sa a gaba. Mu a majalisun dattawanmu ba mu ma kai ga wannan rarrabewa ba. Duk wanda ya buɗe baki, tawaye ne.

Da irin wannan makami ne Ram Mohan Roy ya yaƙi al'adar ƙone gwauruwa da ranta tare da gawar mijinta. Ya buɗe littattafan addininsa ya yi gardama da malaman addininsa, ya nuna musu ba dole ba ne, har aka haramta abin a watan Disamba na 1829. Mukan yi alfahari cewa ɗan mishan William Carey ya yi fama a kan wannan al'ada, gaskiya ne kuma, amma muryar ɗan gida ce ta sa 'yan gida suka kasa cewa sharrin baƙi ne.

Mun san abin da wasu za su ce, wai mai bin Almasihu ya rasa wurin ɗaukar darasi sai wurin masu gumaka? Ba mu ce a ɗauki koyarwarsu ba. Ceto cikin Yesu Almasihu yake, a kan wannan muke tsaye, a kansa za mu mutu. Ba mu kuma ce Indiya aljannar masu tambaya ba ce. A can ne aka ƙone ɗan mishan Graham Staines da 'ya'yansa maza biyu cikin mota a watan Janairu na 1999, a can aka yi wa Kiristocin Kandhamal kisan gilla a 2008. 'Yan'uwanmu na can ba su kai kashi uku cikin ɗari na jama'a ba, sun san ɗacin zaman tsiraru kamar yadda muka sani. A can aka harbe likita Narendra Dabholkar a birnin Pune a watan Agusta na 2013, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tona asirin masu mu'ujizar ƙarya. Dr. Ambedkar ya yi shekaru yana gardama da malaman Hindu a kan wulakancin da ake yi wa ƙasƙantattun dangi, da ya ga ba za su gyara ba ya fice daga addinin a 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutane. Kuma a 2018 kotu ta yanke wa mashahurin mai wa'azi Asaram ɗaurin rai da rai saboda fyaɗe ga yarinya 'yar shekara 16, bayan an kashe wasu daga cikin shaidu. Wato su ma suna da masu toshe baki, har da bindiga. Amma Ubangijinmu da kansa ya ɗauki Basamariye, mutumin da Yahudawa suke ƙyama, ya mai da shi abin koyi ga masanin Attaura. In wanda ba shi da hasken bishara ya iya tsayawa gaban shugaban addininsa saboda 'yan mata da ake lalatawa, mu da muke da hasken mene ne hujjarmu?

Akwai ma wadda ta haɗa mana gidajen biyu. Pandita Ramabai 'yar malamin Hindu ce, ta ƙware a harshen Sanskrit har malaman Kalkata suka ba ta laƙabin Pandita a 1878. Ta yi ta bincike da tambaya a kan halin da mata suke ciki a addininta, tambayar ta kai ta ga Almasihu, aka yi mata baftisma a Ingila a 1883. Waɗanda suka yi mata baftisma suka zaci sun sami 'yar amshin shata. Ina! Ta ci gaba da yi musu tambaya a kan koyarwa, ta kuma faɗa musu a wasiƙunta cewa da ƙyar ta kuɓuta daga ƙangin limaman ƙasarta, ba za ta sa wuyanta cikin wani sabo ba. Suka ce girman kai ne. Wannan mai girman kan ita ce ta kafa gidan Mukti kusa da Pune, ta ceci dubban gwauraye da marayu lokacin yunwa, ta fassara Littafi Mai Tsarki duka zuwa harshen Marathi kafin rasuwarta a 1922. Da a wata ikilisiyarmu take, da tana kujerar baya ƙarƙashin horo.

Mu dawo gida. Mu Masihiyawan ƙasar Hausa, in ba don tambaya ba, da ba mu nan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wani malami mai suna Ibrahim ya dinga bincike a kan abin da aka faɗa game da Annabi Isa, ya yi tambayoyin da manya ba su so, aka kashe shi a Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu. Zuriyarsu ce ta nemi Likita Mila a Zariya a 1913, aka zaunar da su a Gimi, daga baya suka koma Wusasa. Iyayenmu na Malumfashi da Kafur da Matazu kuwa, da suka bar tsafi da bori, ai sai da suka dubi idon manyan gidajensu suka ce wannan abin da muka gada, gaskiya ne? An kore wasu, an ƙwace wa wasu gona. Yau jikokinsu muke cewa su yi shiru. Ko maƙwabtanmu Musulmi, in sun duba tarihinsu, za su ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta a kan miyagun malamai masu sayar da addini a ƙofar fada, za su ga Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sun yi ta musayar wasiƙu suna ƙalubalantar juna da hujja. Ƙasar nan ba baƙuwar muhawara ba ce.

Ayar da aka fi jifan masu tambaya da ita ita ce Zabura 105:15, mai hana a taɓa shafaffu. Muna roƙon kowane dattijo ya buɗe ya karanta tun daga aya ta 8. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu, kuma sarakunan al'ummai Allah yake ja wa kunne. Ayar ta 'yan tsiraru ce gaba ɗayansu, ta gwauruwar nan ce da saurayin nan, kamar yadda take ta fasto. Yohanna ma a wasiƙarsa ta fari, sura 2, ya nuna dukan masu bi shafaffu ne. Dauda ya ƙi kashe Saul a kogo, amma da ya fito sai ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa a gaban sojojinsa. Natan ya tsare Dauda a kan matar Uriya. Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya a gaban jama'a, ya kuma rubuta abin cikin Galatiyawa 2, Ruhu Mai Tsarki bai ce a share don kada arna su ji ba. An yaba wa mutanen Biriya domin sun riƙa auna wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana.

A kan kuɗi kuwa, dubi Ayyukan Manzanni 6. Ikilisiyar Urushalima 'yar tsiraru ce, ana kama shugabanninta ana bulala, tsananin da take ciki ya fi namu. Cikin wannan hali masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tauye gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su yi wa'azin Kora ba. Suka tara jama'a, suka ce ku zaɓi mutum bakwai, suka sakar musu aikin, bakwai ɗin nan kuwa duk sunayen Helenawa gare su, wato daga ɓangaren masu ƙorafin. Bulus da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, ya faɗi dalili a 2 Korintiyawa 8, don kada a sami abin zargi. Wane ma'aji ne ko wane Rabaran a jihar Katsina ya fi Bulus amana?

Ku kuma matasa, kada ku yi tafi tukuna, akwai taku. Suka ma tana da mugun iri, irin wanda Indiyawa suka kira vitanda. A 1890 wasu samarin Turawan mishan, cikinsu har da waɗanda suka zo da niyyar kawo bishara ƙasar Hausa ta Lakwaja, suka taso wa Bishop Ajayi Crowther a wani taro a Anaca. Sun ga kurakurai na gaske a wurin wasu ma'aikatansa, amma da raini da wariyar fata suka zo, suka dakatar da limamai a gaban idonsa, suka wulakanta tsoho mai shekara sama da tamanin. Ya rasu a ƙarshen 1891 da baƙin ciki, ikilisiyar ta tsage. Wanda ya ɗauki hoton takardar ikilisiya ya watsa a Facebook ko WhatsApp da zagi, bai taɓa zuwa wurin dattawa ba, jikan waɗannan samari ne. Matiyu 18 ta shimfiɗa matakai, 1 Timoti 5 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Amma dattawa su karanta ayar da ke biye, wadda ta ce in laifi ya tabbata a tsauta a gaban kowa. Ba a yanka aya biyu a cinye rabi.

Kuma kada mu ce irin abin Maharaj ba ya faruwa a gidan Kirista. A Legas, a 2006, wani mai kiran kansa Rabaran King ya watsa wa mabiyansa fetur aka cinna wuta, mace ɗaya ta mutu, aka yanke masa hukuncin kisa a 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. Kafin ranar fetur ɗin, shekara nawa aka yi ana ganin alamu ana cewa kada a taɓa shafaffe? A watan Satumba na 2014 masaukin baƙi na majami'ar Synagogue ya rufta, mutum 116 suka mutu, mai binciken gawa na jihar Legas ya gano ginin ba shi da izini. Da akwai majalisar dattawa mai iya cewa Baba ina takardar gini, wataƙila da waɗannan mutane suna raye. Ko ƙungiyarmu ta CAN, da aka kafa a 1976, ta ga lokacin da bishop-bishop na Katolika suka janye daga harkokinta na ƙasa na ɗan lokaci, labarin ya fito a farkon 2013, saboda suna ganin ta kusanci 'yan siyasa fiye da kima. Manya suna da 'yancin sukar manya, ƙanana ne kawai ba su da baki?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zamanmu na 'yan tsiraru shi ne ma babban dalilin da ya sa dole mu riƙa binciken kanmu, domin ranar da asirinmu ya tonu a ofishin 'yan sanda ko a gidan rediyo, ba za a ce fasto wane ya yi ba, za a ce Kiristoci sun yi. Kuma matasanmu da muke hana wa amsa, ba shiru suke yi ba, ficewa suke yi. Wasu sun koma wurin masu sayar da mai da ruwan mu'ujiza, wasu sun bar bangaskiya ɗungum, mu kuwa muna ta ɗora wa Shaiɗan laifi.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A rubuta rahoton kuɗi a manna a ƙofar majami'a mako biyu kafin taro, da Hausa, yadda tsohuwar da ta kawo tiyar dawa baiko za ta sa jikanta ya karanta mata. Jama'a su zaɓi masu binciken kuɗi da kansu, kada ya zama surukin ma'aji. Ƙarar da ta shafi fasto ko dattijo, musamman in ta mace ce ko yarinya, kada a bar wanda ake ƙara ya zauna a kujerar shugaban taro, a kai ta gunduma, a sa iyaye mata cikin masu saurare. In laifin na fyaɗe ne ko lalata ƙaramar yarinya, sauya wa mutum wurin aiki ba hukunci ba ne, kai kura wani garke ne kawai, maganar hukuma ce. Waɗanda kuma suke ƙarƙashin horo a yau ba don zunubi ba sai don sun yi tambaya, kowace majalisar dattawa ta san nata, a kira su a zauna da su kafin jibin Ubangiji na gaba.

Mun san akwai iyayenmu da ba za su yarda da mu ba. Muna roƙonsu kada su amsa mana daga kan bagade inda ba mai iya mayar da magana. Su rubuto, da sunansu da ayoyinsu, a buga a wannan shafi a fitowa ta gaba, ba tare da an rage ko kalma ɗaya ba.